Dodon 2012 ya rabu da jar takarda a gwaji na uku

Jama'a, daren jiya Allah ya nufa na raba dodon 2012, wato kan sarkin ƙasar Sin mai hoton dodo, da jar takardar ambulan da ya manne wa, ko ɗigon ja bai taɓa haƙoran gefen kan sarkin ba. Sai da na yi asarar guda biyu kafin nan, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce mini ba.

Tun bara nake haɗa shafin kan sarkin ƙasar Sin na shekarun dodo a kalandarsu: 1988, 2000, 2012 da 2024. Biyun 2024, zanen Wang Huming, yayana ne ya taho mini da su sababbi fil daga Guangzhou. Biyun 2000, mai fen 80 da mai yuan 2.80 a kuɗin Sin, musaya na yi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na 2012, mai yuan 1.20, zanen Chen Shaohua, wanda ya fito ranar 5 ga Janairu. Shi ne dodon nan da ya fuskanto mutum gaba da gaba, baki a wangale, farata a waje, har Sinawa da kansu suka yi ta ce-ce-ku-ce cewa ya cika ban tsoro. Ni kuwa duk cikinsu babu wanda ya kai shi kwarjini, kuma mai hatimi nake so, wanda ya yi tafiya.

A zuwan Yaya na ƙarshe ya kawo mini ƙunshin yankakkun ambulan. Da kuɗin kayan da na awo, N18,000 suka tashi, kuma na ji su a jikina. Dodon 2012 guda uku na tarar a ciki, dukkansu a kan jar takarda. Ba mamaki, ja shi ne launin sa'a a wurinsu lokacin sabuwar shekara. Da ambulan ɗin cikakke ne mai hatimi raɗau, wallahi ba zan sa masa ruwa ba, sai dai an riga an datse su.

Na farko na jefa shi a ruwa mai ɗumi tare da sauran, kamar yadda na saba. Ban ƙirga ashirin ba ruwan ya koma kamar zoɓo. Takardar nan zuba take fiye da atamfa mai araha. Na tsamo shi da hantsaki, bayansa ya rine, haƙoran gefen hagu sun yi ruwan hoda, ya kuma ja wa wasu kan sarkin Japan huɗu da ke cikin robar. Na sake ruwa sau biyar, jan nan ko gezau. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Na biyu na yi masa shiri. Na rage takardar da almakashi har saura kaɗan, na ɗebo ruwan randa na jefa ƙanƙara, na ɗora shi a saman ruwan shi kaɗai, fuska sama. Sanyi ya rage zubar, gaskiya ne, amma shi ma gam ɗin sai ya ƙi saki da wuri. Ina jira, ina kallon jan yana tasowa a hankali ta ramukan haƙora. Gaggawa ta sa na ja shi kafin lokaci, bayan ya ɗaye, in ka ɗaga shi a haske kana hango inda ya yi siriri.

Mako biyu ban taɓa na ukun ba. Da na zauna na yi nazari, sai na ga ruwa ne ke ɗaukar rinin ya kai wa kan sarki, alhali laima kawai gam yake nema. Na samo robar abinci mai murfi, na jiƙa sabon soso na matse shi sosai na sa a ƙasa, na kifa ƙaramin murfin kwalba a kai, na ɗora yankin a bisansa yadda ba abin da zai taɓa ruwa. A cikin murfin robar na maƙala takarda mai shan ruwa, don kada raɓa ta ɗigo masa a fuska. Na rufe bayan la'asar. Da magariba na leƙa, shiru. Bayan isha kusurwa ɗaya ta ɗan ɗaga, hannuna har ƙaiƙayi yake, na dai mayar da murfi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na zura bakin hantsaki, na janye takardar daga jikinsa, ba shi na ja ba. Ta zame sumul.

Ragowar gam ɗin na wanke a ruwan sanyi mai tsabta, tunda jar takardar ta riga ta tafi. Yanzu yana kwance tsakanin fararen takardu a ƙarƙashin ƙamus, sai jibi zan ɗaga, don iskar hunturun nan nannaɗe su take kamar tabarma.

Saura na 1988, mai fen 8, zanen Zu Tianli. Wanda ke da biyu a cikinku ya yi mini magana, ina da rarar na 2000 mai fen 80.