Zauren ƙasa a kan tebur

Sha'awar haɗa ƙananan abubuwa ta kama ni tun zamanin motar kara. Mu yaran Zariya na wancan lokaci, da an gama girbi sai mu bazama gonaki neman karan dawa, mu ɓare ɓawon, mu yayyanka totuwar, mu yi ta sossokawa har mota ta fito da tayoyinta. Daga baya muka koma gwangwanin madara da tsofaffin silifa. Girma ya zo, aiki da iyali suka ɗauke hankali, amma hannun bai manta ba. A ranin bara na ƙudurta zan gina zaure irin na da, ɗan ƙarami da zai zauna a kan tebur, da bakan gizonsa (bakan gini da ke tallafe rufi daga ciki) da zankwayensa da indararonsa, in kuma sa masa fitilu masu cin hasken rana.

Zaure na zaɓa don ina kallon yadda suke ƙarewa a unguwarmu. In damina ta kayar da ɗaya, bulo da kwano ke maye gurbinsa. Ba na ganin laifin masu gidajen, don yaɓe duk shekara kuɗi ne, maginan ƙasa ma sun yi ƙaranci. Sai dai abin yana damuna. A garin nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, ginin da masana daga ƙasashen waje ke zuwa gani da aunawa. Ga shi yau ka tara samari ashirin na cikin birni, da wuya ka sami mai iya gaya maka abin da ke riƙe da rufin ƙasa a sama.

Farkon aiki awo ne. Na tsayar da cewa duk santimita 20 na ainihin gini zai zama santimita 1 a wurina. Ɗaki mai faɗin mita 4 ya koma santimita 20, bango mai kaurin santimita 60 a gindi ya koma 3, mutum mai tsawon mita 1.7 kuwa bai kai santimita 9 ba. Na yanka wannan mutumin da kwali na ajiye shi kusa da ni, duk abin da zan gina sai na tsayar da shi a gefe na duba. Ido yana ruɗin mutum ƙwarai a ƙaramin aiki. Ƙofar da ka ga ta yi daidai, in ka tsayar da ɗan kwalin a bakinta sai ka ga ta yi girman ƙofar gari.

Kafin in taɓa ƙasa na je wurin wani tsohon magini da ya daina hawa bango saboda ciwon gwiwa. Na gaishe shi, na miƙa masa goro, na nuna masa zanena. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan rufin.

"Ɗana, wace azara ce za ta haye maka wannan faɗin?"

Na ce, "Baba, ai ita na zo tambaya."

Ya ce azara ba a ba ta abin da ya wuce kamu huɗu, wato ƙasa kaɗan da mita biyu. In an wuce haka, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Giginya ake tsagawa a samo ta, an fi son ta don gara ba ta cika cin ta ba, amma tana da iyakar abin da take ɗauka. Wannan iyakar ce ta haifi bakan gizo. Tun da azara ɗaya ba za ta haye babban ɗaki ba, sai a raba rufin gida-gida da baka, kowane gida ya zama daidai ƙarfinta. Da na ji haka sai zanen duka ya sauya a idona. A da ado na ɗauki bakan gizo. Ashe lissafi ne tsagwaronsa.

Ya tsinci tsinke ya zana mini a ƙasa yadda ake tayar da shi. Daga cikin bango ake fara dasa azarori, gindinsu a danne da nauyin ginin, kansu ya leƙo cikin ɗaki. A ɗaure su da igiya, a yaɓe, a bari ya bushe. Sai a ɗora wani sahun a kai, ya ƙara leƙowa, ya ƙara ɗagawa sama. Haka ake tafiya daga ɓangare biyu har su haɗu a tsakiya. In baka biyu suka giccia juna, an sami ɗaurin guga ke nan, kuma shi na yi a nawa: rufin ya rabu huɗu, kowane gida kimanin santimita 9. Ban san wani littafi da zai ba ni abin da tsohon nan ya ba ni a zama ɗaya ba.

Azarata tsinken tsintsiyar kwakwa ce, igiyata zaren ɗinki. Ƙasa ce ta fi ba da aiki. Magina suna kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa su bar ta ta kwana ta ruɓa, amma ciyawar da ta dace da bangon gaske ta yi wa bango mai santimita 3 girma. Na tankaɗe jar ƙasa da rariya, na haɗa da ɗan yumɓu daga wurin masu tukwane, da yashi mai laushi, da garin katako daga wurin kafinta a madadin ciyawa, sannan ɗan farin gam a cikin ruwan kwaɓin. In yumɓu ya yi yawa, bango ya tsage. In yashi ya yi yawa, ya marmashe a hannu. Hanyar ganewa ita ce ka yi ƴan gwaje-gwaje, ka shanya, ka karya su da yatsa ka ji.

Tubalan na murza su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, gindi da faɗi, kai a tsuke. Wasu sun ce in mulmula bangon kawai, wa zai gani? Ban yarda ba, don ina so hannuna ya bi hanyar da na magini ke bi. A nan na gane dalilin da ya sa bangon ƙasa ke da kauri a ƙasa yana sirancewa a sama: sahun tubali ake ragewa ana hawa. Na kuma gane dalilin da magini ba ya tayar da bango a yini ɗaya. Sahu biyu ko uku, sai a dakata. Iskar hunturu kuwa abokiyar gaba ce a nan, tana busar da waje ta bar ciki da danshi, sai tsaga ta bi. A inuwa nake shanyawa, in lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Katakon da ginin ke zaune a kai ma sai da na shafe shi da fenti tukuna don kada ruwan kwaɓi ya kumbura shi, na kafa ƙananan ƙusoshi a layin bango don ƙasar ta sami abin kamawa.

Maganar wuta dole a yanke ta kafin bango ya tashi, don busasshiyar ƙasa ba ta son huji. Bututun tsohon biro na binne a kusurwoyi, wayoyin suka bi ta ciki suka sauka ƙarƙashin katako. Kayan duka a Sabon Gari na samo su, wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da waya: ƙananan ƙwayayen fitila na LED shida, razista masu rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwai, farantin sola mai bolt 6, da ɗan allon caji da ake kira TP4056. Batirin kuwa 18650 ne, irin wanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka. In ya cika yana kai bolt 4.2, yawancin aikinsa a 3.7 yake yi.

A nan ina so masu sha'awa su saurara da kyau. Wannan batiri ba irin na tocila ba ne, in aka wulaƙanta shi yana kama wuta. Duk wanda ka ciro, ka auna shi da mita. In ya yi ƙasa da bolt 2.5, ko ya lotsa, ko yana zafi lokacin caji, ka rabu da shi. Kada ka ɗora masa ƙarfen narka dalma kai tsaye, ka sayi gidansa na roba. Allon cajin ma iri biyu ne a kasuwa, ka nemi mai kariya, wanda ke yanke wuta in batiri ya yi ƙasa sosai. Nawa a cikin ɗan akwati yake ƙarƙashin katako, inda zan iya buɗewa, ba a cikin gini ba.

Kowane ƙwai na ba shi razistarsa mai om 150. Ƙwan yana buƙatar kusan bolt 3, ragowar wutar kuma razista ce ke shanye ta, sai kowanne ya ja kimanin miliyam 5, shidan duka 30. Ko gajiyayyen batiri zai kwana da su. Wani zai ce hasken ya yi kaɗan, amma zaure ba shago ba ne. Launin hasken ma ya fi ƙarfinsa muhimmanci. Farin ƙwai mai ratsin shuɗi yana kashe jar ƙasa, ta koma toka-toka. Mai ruwan ɗorawa shi ke fito da ita, inuwar baka ta kwanta a jikin bango yadda take yi in an kunna fitilar ƙwai.

Yaɓen ƙarshe da makuba na yi. Ɓawon ɗorawa na samo wurin mata masu kalwa, na daka, na jiƙa har ruwan ya yi duhu, na kwaɓa da tankaɗaɗɗiyar ƙasa. Launin da ya bayar babu fentin da zai ba ka shi. Na zana dagi a saman ƙofa da kan allura tun yaɓen yana ɗanye, na tayar da zankwaye a kusurwoyi, indararo kuma daga gwangwani.

Abu ɗaya na yi da gangan wanda ya jawo gardama. Gida ɗaya cikin huɗun rufin na bar shi a buɗe, rabin baka ɗaya kuma ban yaɓe ba. Tsinkayen a waje suke, ɗaurin zaren a waje, har wayar da ta bi kusurwa ana gani. Maƙwabcina ya ce aikin bai ƙare ba. Uwargida ma ta ce in rufe shi ya fi kyau a hoto. Na bar shi a haka, kuma duk wanda na nuna wa zauren, nan idonsa ke fara sauka. A ɓangaren da aka gama, sai a ce ma sha Allah a wuce. A buɗaɗɗen wurin ne ake tsayawa a yi tambaya.

Wannan ya sa na yi tunani kan yadda muke nuna fasaharmu. A 2007 kafafen labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Tun daga nan ba a daɗewa sai an ga wani matashi ya ƙera motar haƙa ƙasa da sirinji, ko jirgi da kwali. A yi ta yaɗa hoton, a yi ta addu'a, a yi kira ga gwamnati, bayan mako guda shiru. Abin da ba na gani shi ne awo, da jerin kayan da aka yi amfani da su, da hoton cikin abin. Yaron da ya gani ya yi sha'awa ba shi da inda zai kama, sai ya faro daga tushe. Wasu masu ƙirar suna ɓoyewa ne don tsoron a kwaikwaye su, kuma na fahimci tsoron. Amma a Jos akwai gidan adana gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski, wani masani ɗan ƙasar Foland, ya assasa, inda aka sake gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Hakan ya yiwu ne don an auna, an zana, an ajiye, kuma magina sun yarda sun nuna yadda suke yi. Shi ya sa na rubuta duk awon zaurena da zanen wayoyinsa a takarda, na manna a ƙarƙashin katakon, na kuma buga kwafi ina ba duk mai so.

Riba ta farko ni na ci ta. Wani matashi mai gyaran waya ya duba zanen ya ce, "Yaya, me ya sa kake kunnawa da hannu alhali ga sola?" Ya nuna mini yadda taransista ɗaya mai lamba BC557, wadda ke aiki kamar makunni, da dayod mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da razista biyu, za su sa farantin kansa ya zama mai gadi: muddin rana na dukansa fitilu a kashe suke, da ƙarfinsa ya faɗi da magariba sai su kama. Kuɗin kayan bai kai na katin waya ba. Da na rufe akwatin na ɓoye zanen, da har yau makunni nake dannawa.

Na kai wa Baba zauren har gida. Ya sa tabarau, ya leƙa ta ƙofa, ya bi bakan da ɗan yatsa. Ya ce ɗaurin ya yi, amma indararon ya yi gajere, ruwa zai riƙa zuba a gindin bango, kuma ta nan zaure ke fara mutuwa. Na ƙara masa tsawo. Ya kuma kira jikokinsa ya nuna musu buɗaɗɗen wurin, yana faɗa musu sunan kowane abu.

Yanzu ranar Asabar da la'asar yaran layinmu kan taru a ƙofar gidana. Ba na ba su batirin 18650, da ƙananan batiran tocila biyu suke koyon kunna ƙwai. Rumbu muke ginawa da awo iri ɗaya da na zauren, don a iya jera su wuri guda. Wata yarinya ta karɓi aikin saƙa ƴar tabarma da zaren kaba, ƙanenta kuma yana yanka gwangwani don ƙyauren zaure. Baba ya ce in an kwashe amfanin gona in zo ya nuna mini yadda ake ɗora bene a kan soro, don nauyin da bakan ƙasa ke ɗauka a nan daban ne, kuma sai an ƙara sahun azara.