Hoto ɗaya duk shekara

Tun 1975 wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Nicholas Nixon, ya riƙa jera matarsa da 'yan'uwanta mata uku yana ɗaukarsu hoto duk shekara. Hotunan baƙi da fari ne, kuma kowacce tana gurbinta, ba ta sauyawa. Ni dai a ganina, fatar wuya ce ke fara tona asirin shekaru, tun kafin furfura.

Na kwaikwayi abin, ina ɗaukar Baba da ƙannensa hoto duk Babbar Sallah. Goggo ta tsani abin: "Kai ɗan nan, lissafin wanda zai riga tafiya kake yi?" Gaskiyarta ce, shi ya sa ban musa ba. Bana tsayuwa ta gagare ta, aka kawo kujera, ta zauna tana mitar kallabinta ya karkace.