Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Daga Zuru Zuwa Bukuru

A makon jiya na tsaya a ranar da takardar samun gurbin karatu ta iso hannuna daga Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya da ke Bukuru, kusa da Jos, wadda ta fara koyarwa a 1959, take kuma ba da digiri a ƙarƙashin Jami'ar Jos. Yawancin fastocin da na sani a ƙasar Zuru a Ilorin suka yi karatu, a kwalejin ikilisiyarmu ta UMCA (United Missionary Church of Africa), saboda haka zaɓina ya jawo magana tun kafin in ɗaure kaya.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani tsohon mai bishara, wanda ya yi shekaru yana zaga ƙauyukan Dabai da Ribah a kan keke, kuma shi ne ya koya mini karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da na je yi masa sallama, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, a cikin sharuɗɗan da Manzo Bulus ya jera wa Timoti game da mai kula da ikilisiya, ka taɓa ganin digiri?" Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, je ka dai, Allah ya kiyaye hanya."

Kuɗin motar da ta kai ni Kontagora, zumuntar mata ce ta tara, mahaifiyata ta kwance shi daga bakin zaninta ta ƙirga mini a tasha.

A Bukuru sanyi ne ya fara karɓata, sannan Helenanci, wato harshen Girka da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ya biyo baya. Haruffa 24 ne kacal, amma na faɗi gwajin farko, ni da nake ganin na iya wa'azi tun ina shugaban matasa. Sai a shekara ta biyu, muna nazarin sura ta 3 ta wasiƙar farko zuwa ga Timoti, malaminmu ya tsaya a kan kalmar didaktikos, wato mai iya koyarwa. Zuciyata ta yi fari, na ce ga amsar Baba ta samu, domin ba a iya koyarwa sai an koya.

Da dare na sake bin jerin a ɗaki, murnata kuwa ta ragu. Kusan duk sauran sharuɗɗan hali ne: mijin mace ɗaya, mai karɓar baƙi, wanda ba mashayi ba, ba kuma mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, wanda ko waɗanda ba 'yan ikilisiya ba suna shaidarsa da kirki. A wurinmu wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin maƙwabcinka Musulmi da kawunka mai bin addinin gargajiya su ne masu shaidar, kuma babu jarrabawar da ke auna shi.

Da na dawo hutun Kirsimeti, Baba bai tambaye ni komai game da makaranta ba. Ya dai sanar a majami'a cewa ni zan yi wa'azi ranar Lahadi, kuma da Dakarci, saboda tsofaffi. Na koma gida na buɗe jakata, na tarar duk abin da na rubuta cikin shekara biyu da Turanci yake. Yadda ta kaya a ranar, sai mako mai zuwa.