Kaya ɗaya ake canzawa

A garejin da na koyi aiki, wajen Ƙofar Ruwa, akwai laifin da maigidana ba ya yafewa: mota ta zo tana shaƙewa, ka canza mata fulogi da kwayil da famfon mai a lokaci guda. "To in ta tashi, wanne ne ya gyara ta?" Sai ya sa ka mayar da tsofaffin, ka faro daga farko. Na yi shekaru ina bin wannan ƙa'ida a kan motocin mutane. Da abin ya zo kan jikina, sai na manta da ita ƙaf.

Ni ɗan tsere ne, mita 10,000, wato zagaye 25 a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ciwon agara ya zaunar da ni kusan shekara biyu. Da na dawo, yaran da nake bari a baya su ne ke ba ni ƙura, sai gaggawa ta kama ni. A mako guda na sayi garin furotin, da ƙwayar ƙarin jini, da ta magnesium, da wani gari mai launi da ake kaɗawa a sha kafin atisaye. Duk na fara su rana ɗaya.

Ba a yi mako ba cikina ya kumbura kamar ganga. Fuska da bayan hannu suna min tsira-tsira kamar ana soka allura, da dare kuma zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Wata asuba ina hawan Goron Dutse cikin ya murɗa, na tsaya na dafa gwiwa, gumi mai sanyi yana zuba. Wani dattijo da ya fito daga masallaci ya miƙo min butarsa, ya nuna min banɗaki da baki, bai ce komai ba. Har yau ina yi masa addu'a.

A asibiti an auna jini, an duba zuciya, komai lafiya lau. Likitan ya ce in kwaso masa robobin, ya bi rubutun jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Tsira-tsirar nan, ya ce, aikin wani sinadari ne mai suna beta-alanine da ke cikin garin mai launi, kuma sananne ne. Garin yana ɗauke da caffeine mai yawa, ga shayin da nake ɗorawa a kai. Magnesium na sakin ciki. Da ya zo kan ƙwayar ƙarin jini sai ya ɗago kai: "Malam, wa ya ce maka jininka ya yi ƙasa?" Babu. Jiki ba shi da hanya mai sauƙi ta fitar da sinadarin iron da ke cikin ƙwayar in ya yi yawa, shi ya sa ba a shan ta sai an yi gwaji. Ya kuma tuna min dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni: duk abin da aka gani a fitsarin ɗan wasa, shi zai amsa, ba mai shagon da ya sayar masa ba.

Na ajiye komai mako uku. Na samo littafi irin wanda muke rubuta bashi a gareji, kullum in rubuta abin da na ci, awa nawa na yi barci, zagaye nawa, yaya gari yake. Sannan na riƙa dawo da su ɗaya-ɗaya, mako biyu tsakani. Littafin ma ya wanke wani daga zargi: jirin da nake ɗora wa magnesium ashe ba ya zuwa sai ranar da na yi gudu a zafin Afrilu ban sha isasshen ruwa ba.

Furotin ɗin ne ya gagara. Cokali ɗaya, sai kumburi da ƙuraje a wuya. Aka ce ai daga madara ake yin sa, amma ni fura da nono nake sha kusan kullum ba ta taɓa yi min komai ba. Na canza kamfani, haka. Na gwada wanda ba na madara ba, ya ragu amma bai tafi ba. Likita ya ce wataƙila abin zaƙin da ake sakawa ne, wataƙila kuma ba shi ba ne. Na daɗe ina jin haushin rashin sunan da zan kira abin, kamar motar da ta tashi ban san me na taɓa ba. Maigidana da na ba shi labari cewa ya yi, "Kai yaro, ka dai san kayan da ba ta so. Cire shi ka ba mai mota motarsa."

Yanzu ƙwai ne da wake da kunun gyaɗa, hanta ranar Juma'a, dabino uku kafin in fita. Har yanzu ina bayan tsohon lokacina da fiye da minti ɗaya, amma na kammala zagaye 25 sau huɗu a jere ban nemi butar kowa ba. Robar furotin ɗin tana gareji, noti da washa muke zubawa a ciki.