Gawayin Buntu da Tallafin da Ƙananan Masana'antu Ke Jira

Sana'ata ita ce sarrafa buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara su zama curin gawayi, a wata 'yar masana'anta da nake gudanarwa a bayan garin Gombe. Abin da muke aiki da shi shi ne abin da masu injin casar shinkafa da masu matsar man gyaɗa suke neman yadda za su rabu da shi, kuma duk wanda ya san wuraren nan ya sha ganin tsibin buntu yana cin wuta a hankali, hayaƙi ya turnuƙe unguwa.

Muna zuba ɓawon a cikin durom mai ƙananan huji a gindi, mu kunna wuta, idan ta kama sai mu rufe, mu liƙe bakin da laka, domin in iska ta yi yawa toka kawai za a kwasa. Daga nan sai a niƙa, a tankaɗe, a kwaɓa da kokon sitacin rogo, sannan inji ya matse shi a shanya. Gwanintar duk tana wajen kwaɓi. Ma'aikacin da hannunsa ya faɗa yakan dunƙula kaɗan a tafinsa ya matsa da babban yatsa: in ya wargaje, sitaci bai ji ba, in ya yi danƙo da yawa, gawayin zai yi hayaƙi kuma kuɗin yinsa zai haura abin da kasuwa za ta ɗauka. Buntu zalla yana barin toka mai yawa, shi ya sa muke gauraya shi da ɓawon gyaɗa.

Masu tsire da masu gasa masara da masu ɗumama 'yan tsaki su ne suka riƙe mu, saboda garwashin yana daɗewa kuma ba ya tartsatsi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa suka koma ga itace da gawayi, alhali jihar nan tana fama da zaizayar ƙasa har gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa. Kowane buhu da muka sayar, wani icce ne aka bari a tsaye.

Gwamnatin tarayya ta fitar da manufarta kan man tsirrai tun 2007, wadda ta tanadi a riƙa gauraya fetur da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol da ake samu daga rake da rogo, tare da sassaucin haraji ga masu zuba jari. Manufa ce mai kyau, kuma ina fatan ganin ranar da raken da aka noma da ruwan madatsar Dadin Kowa ta nan jihar Gombe zai shiga tankin mota. Sai dai har yau wannan gaurayen bai zama abin da direba yake saya a gidan mai ba. Burazil, wadda ta fara nata shirin a 1975, ta yi nasara ne saboda gwamnati ta wajabta gaurayawar, manomi da mai masana'anta suka tabbata akwai mai saye kafin su zuba kuɗinsu.

Wannan tabbacin kasuwa shi ne muke nema, kuma namu bai kai nasu tsada ba. Makarantun kwana da gidajen gyaran hali da asibitoci suna girki da itace kullum; da za a ce wani kaso na makamashin girkinsu ya fito daga ragowar amfanin gona, da masana'antu irin tawa sun tsaya da ƙafarsu ba tare da an ba kowa kyauta ba. Haka nan muna buƙatar ma'aunin inganci da kowa zai bi, domin masu cakuɗa ƙasa a cikin kwaɓi suna ɓata mana suna gaba ɗaya.

Babbar matsalarmu ita ce damina. Daga Yuli zuwa Satumba gawayin daji yana tsada, masu saye suna tururuwa, amma a daidai lokacin ne rana ba ta isa ta busar da kaya, kuma curin da bai bushe ba yana yin fumfuna a cikin buhu. Injin busarwa ne maganin wannan, amma masu ba da rance suna neman takardar fili a matsayin jingina, mafi yawanmu kuwa a wurin haya muke aiki. Da manyan kamfanonin shinkafa za su kafa injin busarwa guda ɗaya a kusa da inda buntunsu yake taruwa, mu riƙa biyan kuɗin aiki a kan kowane buhu, da sun huta da sharar da take damunsu, mu kuma mun yi aiki shekara cur.