Asabar, mako na bakwai bayan tiyata

Bayan sallar asuba na zauna a falo da gwangwanin garin furotin, wato sinadarin gina jiki, a gabana, na daɗe ina juya shi kafin in mayar da shi kan kanta ban buɗe ba. Yau mako bakwai cif da aka yi mini tiyatar rage tumbi, wadda a cikinta likitoci suka yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin suka cire, suka bar mini abin da bai fi ayaba girma ba. Makonni biyu na farko ruwa-ruwa kawai na sha, daga nan aka koma abin da aka markaɗa, sannan mai laushi. Ranar Laraba kuma likitar abinci ta asibitin ta ce lokaci ya yi da zan riƙa fara cin abincin da ake taunawa, in bar abin sha ya zama na cike gurbi. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin garin nan ya riga ya zame mini sandar dogarawa.

Abin da ya sa na saba da shi ba daɗinsa ba ne, don kuwa zaƙinsa ya fara gundurata tun a mako na uku. Sauƙin lissafi ne. An ce in riƙa samun furotin giram 60 zuwa 80 a kowace rana, saboda idan jiki bai samu ba, naman jiki zai zube tare da kitsen, rauni ya yi jinkirin warkewa, gashi kuma ya kama kakkaɓewa bayan 'yan watanni. Ludayin da ke cikin gwangwanin, kamar yadda aka rubuta a jikinsa, yana ɗauke da giram 25. Idan na dama sau uku, na gama da wannan wajibi, in kwanta ba tare da fargaba ba. Ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, kuma yau da safe sai da na shafe kusan minti ashirin kafin in ga bayan wanda maiɗakina ta dafa mini ruwa-ruwa, ina gutsurawa da ƙaramin cokali, ina taunawa har sai ya narke a baki. Ta zauna tana kallona, ta ce, "Alhaji, ko in kawo maka shayi ka kora?" Na girgiza kai. Doka ce ba a haɗa ci da sha, sai an jira rabin sa'a, kuma ga mutumin da ya tashi da shayi da burodi a teburin mai shayi, wannan dokar ta fi duk sauran ciwo.

Da hantsi na bar Agege zuwa rumfarmu a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas don in ga albasar da aka sauke jiya da dare. Na dama ludayi ɗaya na zuba a gora na tafi da shi, saboda a kasuwa babu abin da zan iya ci. Cunkoso ya riƙe mu a wajen Ketu, sai na yi ta kurɓa a hankali har ya ƙare. Abin da na lura da shi shi ne, kafin azahar cikina ya koma wayam kamar ban sa masa komai ba, har na kama kaina ina kallon farantin mai ƙosai. Shekaranjiya da na ci ɗan yankin kifi wanda bai kai tafin hannuna ba, sai da na kai la'asar ban tuna da abinci ba. Likitar ta riga ta bayyana mini dalili: ruwa ba ya daɗewa a tumbi, wucewa yake yi zuwa hanji, shi kuwa abin da aka tauna yana zama ya tokare, sai mutum ya ji ƙoshi na tsawon lokaci. Na ji maganar a ofishinta na gyaɗa kai, amma sai yau a cikin mota na yarda da ita.

Bayan la'asar na wuce Idi-Araba gidan Yaya, inda ake walimar sunan jikansa. Nan ne ranar ta yi mini tsauri. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka jera tuwon shinkafa da miyar taushe, ga masa, ga farfesu, ga tsire an kawo a takarda yana tururi. Mu shida muka kewaye tire ɗaya. Yaya ya dube ni ya ce, "Bismillah mana, ko kai ma baƙo ne?" Tuwo da masa na san ba nawa ba ne tukuna, domin suna cika ɗan wurin da ya rage ba tare da sun ba da furotin na kirki ba, kuma suna iya dunƙulewa su tsaya. To amma zama a gaban tire hannu a naɗe abin kunya ne a wurinmu, sai na ɗauki tsoka ɗaya ta tsire, ina cewa a raina ai nama ne, furotin ne. Hira ta ɗauke mini hankali, na haɗiye ta ban gama taunawa ba.

Ban taɓa jin irin wannan ba. Tsokar ta tsaya mini a ƙahon zuciya kamar an cusa dutse, yawu mai kumfa ya riƙa taruwa a bakina, gumi ya keto mini. Na miƙe a hankali kamar zan amsa waya, na zagaya bayan gida na jingina da bango, ina tofarwa a kwata, har kusan minti goma sha biyar kafin abin ya sauka. Ko ruwa ban yi gigin sha ba, don na san ƙara danne shi zai yi. Laifina ne. An gargaɗe ni cewa busasshen nama da gasasshe, irin su tsire da kilishi, su ne na ƙarshe da sabon tumbi ke karɓa, kuma da farfesun na ɗiba, wanda namansa ya dahu luguf, da wataƙila ban shiga wannan hali ba.

A nan Gwaggo ta same ni. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Ɗan nan, ka zube. Wannan farin kunun da aka ce kana sha ba abinci ba ne, shi ya sa cikinka ya manta aikinsa." Na so in yi mata bayani cewa daga madara ake yin sa, daga ruwan da ke tsatsowa idan an daskarar da madara za a yi cuku, sai a tace shi a busar. Na fasa, domin duk da ba ta san komai game da tiyatar ba, rabin maganarta daidai take da ta likita. Ta shiga ciki ta aiko mini da alale guda biyu a leda, ta ce in tafi da su gida.

Sai bayan isha'i na iya sake sa wani abu a baki. Na ci rabin alalen, a zaune ni kaɗai, babu mai yi mini hira, ya kuma wuce lafiya lau. Daga nan na ɗauko littafin da nake rubuta lissafi. Ƙwai ɗaya, gora ɗaya ta garin, tsokar da ta wahalar da ni, da rabin alale: ko na yi wa kaina sassauci ban kai giram 45 ba. Wato ranar da na fi ƙoƙarin cin abincin gaske ita ce ranar da na fi gaza cika adadin. Don haka na bar rabin sa'a ta wuce, na dama wani ludayin na sha, na haɗiyi ƙwayoyin bitamin ɗina, waɗanda ko da wane irin abinci na koma ba za a daina su ba.

Ban ga alamar zan rabu da gwangwanin nan a wannan watan ba, ko da yake kuɗinsa, da yake daga waje ake shigo da shi, ya isa a sayi kiret-kiret na ƙwai. Mun dai yi shawara da maiɗakina cewa daga gobe ba zan taɓa shi da safe ko da rana ba, sai da dare idan lissafi ya nuna giɓi. Ta ce za ta dafa mini farfesun kifi ta zuba a ƙaramin kula in riƙa tafiya da shi kasuwa, ta kuma jiƙa waken suya tun yanzu don ta yi awara mai laushi wadda ba a soya ba. Sauran alale ɗaya da rabi na Gwaggo suna cikin firij, idan wuta ta kai safe.