Kaset ɗin Baba da filashin da ya ƙi magana a mota

A watan jiya na kwashe kwana uku a gidanmu da ke Unguwar Rogo a Jos ina juye tsofaffin kaset ɗin mahaifina zuwa kwamfuta, domin zaren wasunsu ya fara saki. Yawancinsu kiɗan kuntigi ne da kalangu, waɗanda ya saya tun ban zo duniya ba. Na adana su a tsarin FLAC, wani nau'in fayil ɗin sauti, na zuba a filashi, na soka a rediyon motarsa ranar da muka kama hanyar Abuja, amma tun daga Mararrabar Jama'a har Akwanga rediyon bai ce uffan ba. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da ka ce ka gyara su, ashe kashe su ka yi?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, waƙoƙin suna nan, rediyon ne bai san yarensu ba."

Abin da ya kai ni ga FLAC shi ne tsoron asara. Sautin da ke kan faifan CD, idan aka kwafe shi yadda yake a tsarin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, yana cin kimanin megabait 10 a kowane minti, wato memori mai gigabait 16 ba zai ɗauki fiye da awa 26 ba. FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse wannan nauyi zuwa kusan rabi ba tare da ya zubar da ko ƙwayar sauti ba. Matsalarsa kawai ita ce tsofaffin rediyon mota da ƙananan wayoyi masu madanni ba duka ke karanta shi ba.

MP3 kuwa da gangan yake zubar da wani ɓangare na sautin. Masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suna cikin waɗanda suka gina shi, aka kuma tabbatar da shi a 1993, bisa lura da cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙaramin sauti idan babba ya danne shi, saboda haka a cire abin da ba za a ji ba. A kilobit 128 cikin daƙiƙa, wato yawan bayanan da ake ba kowace daƙiƙar sauti, minti ɗaya bai cika megabait guda ba, kuma wancan memorin zai ɗauki fiye da awa 270. To, amma idan aka matse da yawa, aka sauko zuwa 64, asirin yakan tonu: amon kuntigi, mai siririn kaifi, sai ya koma kamar ana kaɗa shi a ƙarƙashin ruwa. Ni dai a kunnena 192 ya wadatar a mota, inda ƙarar inji da iska ke cinye sauran bambancin. Tsarin AAC, wanda kamfanin Apple ke amfani da shi, ya fi MP3 tsabta idan nauyinsu ɗaya ne, sai dai babu tsarin da ya kai MP3 shiga kowace na'ura.

Akwai wani kuskure da na gani da idona a wani shagon tura waƙoƙi kusa da Taminus a Jos. Yaron shagon ya ɗauko waƙar da aka turo masa a waya, mai kilobit 64, ya juya ta zuwa 320, yana gaya wa mai saye cewa ya ƙara mata inganci. Nauyinta ya ninka sau biyar, sautin kuwa bai ƙaru da komai ba, domin abin da aka riga aka zubar ba ya dawowa, kuma kowane juyi daga matsattsen tsari zuwa wani yana ƙara ɓata shi. Ban ce masa komai ba, don na lura shi ma ya yarda da abin da yake faɗa.

Da muka sauka a Abuja sai na buɗe kwamfutata, na bar FLAC ɗin a matsayin uwar ajiya, na fitar da kwafin MP3 a 192 kai tsaye daga gare shi. Na kuma goge filashin na mayar da shi FAT32, wani tsarin jera fayiloli a filashi, tunda shi tsofaffin rediyo suka fi ganewa, na rubuta wa kowane fayil sunan mawaƙi da lambar kaset don kada su cakuɗe. A hanyar dawowa, muna fara Hawan Kibo kuntigin ya tashi raɗau, har da 'yar shessheƙar zaren kaset ɗin da ba ta rabu da shi ba. Baba ya miƙa hannu ya ƙara sauti, ya ce in mayar da waƙar zuwa farkonta.